Tukunyar Gwaggo da Aka Wanke

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Gwaggo ta riga mu. Ƙanwar surukina ce, wato gwaggon maigidana, amma duk Ƙofar Kware ba mai kiranta da wani suna in ba wannan ba, har tsofaffin da suka girme ta. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin zafin bazarar nan mai gasa tafin ƙafa. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar gida ya cika da mata, ba masaka tsinke.

Kowa da irin kukan da ta zo da shi. Wata mai tallar nono da ke shigowa gari daga rugar bakin gulbi ta dire ƙwaryarta a ƙofar ɗaki, ta zauna dirshan tana cewa, "To yanzu wa za ya riƙa shinshina mini nono shina yi mini faɗa?" Matar liman ta ce ba ta taɓa wanke gawa mai sauƙi irin wannan ba. Wata tsohuwa da ban sani ba ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyan maƙwabciyata da kika ji suna guje-guje waje, uwassu ta rasu ta bar su cikin tsumma. Da kunun wagga baiwar Allah sunka rayu." Duk wadda ta shigo sai ta ce mini, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Bakina ne kawai ke amsawa. Hankalina yana kan tabarmar da ke kusurwar ɗakin marigayiya, inda yarinya ke kwance.

Yarinyar ɗiyata ce ta fari, a wurinmu kuwa kun san yadda abin yake. Ba na faɗin sunanta, ba na ɗaukarta gaban mutane, in ta yi kuka sai in kau da kai kamar ba ni na haife ta ba. Ba ta isa yaye ba Allah ya ba ni wani ciki. Tsofaffi suka ce nono ya ɓaci, a cire ta yau-yau, aka cire ta aka miƙa wa Gwaggo, ko tsayuwa ba ta fara ba. Ta yi zawo har ta koma fata da ƙashi. Kunu mai kauri ba ya wuce mata, sai ta shaƙe ta amayar. In an surka shi da ruwa ya wuce, amma ruwa ne, ba ya riƙe ciki. Abu ɗaya ne ya zauna mata a duniya, shi ne kunun Gwaggo. Ga Gwaggo an fita da ita a makara, ga maigidana yana can ƙauyuka tare da masu rangadin Nasara, shi ke yi musu rubutu, ko labarin rasuwar bai kai masa ba.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a ce wata tsohuwa ce ta mutu a Ƙofar Kware, shi ke nan. Wanda kuwa zai ba da labarin Gwaggo dole ya fara da kununta.

Gasarar gero take damawa da kauri, kaurin da muciya ke tsayawa a ciki. Sai ta zagaya bayan rumbu inda wata baƙar tukunya ke zaune a inuwa, ta ɗebo ludayi guda na wani ruwa mai tsami, ta zuba, ta juya, ta rufe da faifai. In an jima aka buɗe sai a tarar kunun ya saki, yana zuba kamar madara, ga wani ɗan zaƙi ba tare da zuma ba, alhali ko ɗigon ruwan randa ba a ƙara ba. Ina amarya na fara ganin haka, na riƙe baki. Ta ce, "Mi kike mamaki? Hatsin duk shina ciki, ƙarfinai bai tahi ko'ina ba. An dai tauna ma yaro shi."

Na ce, "Gwaggo, wa ya tauna?"

Ta dube ni kallon da take yi wa wanda ya ba ta tausayi. "Ke kina zaton daddawa ita ka gyara kanta? Ko nono haka kawai shike tsami? Akwai wasu 'yan halittu cikin abinci da ido bai gani, su ka fara ci kamin mu ci. Wasu ɓarna sukai, wasu gyara. Aikin mace ta gane na gyara ta riƙe su, kamar yadda aka riƙon ɗan akuya."

Ban yarda ba, ban kuma musa ba. Wa ya isa ya musa wa Gwaggo a madafi?

Daga baya surukata ta ba ni tushen abin. Gwaggo ta haihu, ta sake haihuwa, ta kuma sakewa, amma ba wanda ya tsallake yaye. Duk a kan gaɓar nan suke tafiya, tsakanin barin nono da iya tuwo. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan wanta hannu rabbana. A shekarar da Nasara suka shigo, gari ya watse, wasu suka bi hanyar gabas, wasu matan suka faɗi a hanya, aka riƙa tsintar jarirai ba uwa. Da yake an san ɗakinta ba kowa, sai aka riƙa kawo mata su. Surukata ta ce a lokacin ne Gwaggo ta koma kamar mai taɓin hankali. Ta jera ƙoƙuna a gindin rumbu, kowanne da kunu mai kauri, ta soka sillen kara a tsakiyar kowanne. Wannan ta ɗiga masa nono, wannan ruwan daddawa, wancan tsohuwar fura, wancan ruwan jiƙon gero da ya kwana, wani ruwan tsamin dusa. Sai ta zauna ta zuba musu ido. Ƙoƙon da karansa ya faɗi, to kununsa ya saki. Wanda ya saki amma yana wari ta zubar, wanda ya saki ya yi ɗaci ta zubar. Haka ta yi ta tankaɗe da rairaya har ta samu abin da take so, ta zuba shi a baƙar tukunyar nan, ba ta kuma ƙara barin ta ta bushe ba.

Kullum safiya, kafin ta sa wa bakinta komai, sai ta ba tukunyar abinci, ɗan damtsen dusa da ruwa. Har magana take yi mata. Na sha jin ta tana cewa, "Kun kwana lahiya? Yau akwai aiki." Ba ta kwana a gidan biki, ko na wane ne, wai su wa za ta bar wa dabbobinta. A kasuwa kuwa masu sayar da abinci in sun hango ta sai su fara gyara zama, don ba ta wuce daddawa ko nono ko ƙullun koko ba ta ɗauka ta kai hanci ba. In ya yi mata ta ce, "Wanga shina da rai." In bai yi ba ta ajiye ta ce, "Gawa kika kawo kasuwa," a gaban masu saye, ko a jikinta. An sha yi mata rashin kunya a kan haka, ita kuwa sai ta ce hanci shi ne malamin madafi, wanda bai da shi ya je ya yi saƙa.

Babban faɗan da aka yi a gidan nan a kan tukunyar aka yi shi, tun ban shigo gidan ba, surukata ce ta ba ni labari. Surukina malami ne, mutum mai tsoron shubuha, ko goron da bai san asalinsa ba ba ya ci. Wata rana ya bi ta bayan rumbu ya ji tukunya tana ɗan tsitsitsi, ga kumfa a samanta. Ya dawo rai a ɓace, ya ce duk abin da aka bari ya kwana yana kumfa, to ta nan masu giya ke farawa, a fitar masa da ita daga gida kafin magariba. Gwaggo ta nufi bayan rumbu. Ta ɗora tukunyar a kai, ta ratsa tsakar gida, ta dire ta gabansa a zaure, da baƙinsa da komai.

"Yaya, ga ta. Sha. In ka yi maye ka fasa ta da hannunka. In ba ka yi ba, to ka faɗa mini littahin da yac ce a bar marayu su mutu don tsoron kumfa."

Bai sha ba, bai kuma fasa ba. Damina guda cur ba su yi wa juna magana ba sai gaisuwa, ita ma a daƙile. Tun daga nan ya tsiri wata ɗabi'a: duk lokacin da za ta dama kunu sai ya ɗauko buzunsa da littafi ya zauna bayan zanan da ya raba madafi da turakarsa, daidai inda zanan ya ɓule. Wai karatu yake. Gwaggo takan ɗaga murya ta ce, "To, alƙali ya zauna, a kawo mai laihi." Mu kuwa mu toshe baki da gefen zane.

Da zafin bakin nan nata, ni dai alheri na sani. Ranar da aka gane ina da ciki a kan goyo, matan gida suka sa ni gaba da habaici, wai wasu ba su da haƙuri, wai an yi wa yarinya kwaɗayi a kan rabonta. Ina duƙe ina tsintar tsakuwa a shinkafa, hawaye na ɗiga a faifai. Gwaggo ta fito ta ce, "Duk wadda ta san ita ka raba ciki ba Allah ba, ta ƙara magana in ji." Nan take kowa ta koma kan aikinta. Bayan an kai mata yarinyar kuma, ta san abin da ke cin raina, ta san ba ni da bakin faɗa. Sai ta riƙa ƙwala mini kira, "Ke, zo riƙe mini kayan ga in gyara zane." In shiga ɗakinta ta ɗora mini ɗiyata a cinya, ta juya baya tana ta fama da zane, ta kwance ta ɗaura, ta kwance ta ɗaura. Wallahi ban taɓa ganin zanen da ya ƙi ɗauruwa irin na Gwaggo ba. Sai na shinshini kan yarinyata na ƙoshi sannan zanen ke zama.

To, ranar rasuwa akwai sauran kunun da ta dama da safe kafin ciwon ya kayar da ita, da shi aka lallaɓa yarinya. Washegari da hantsi na saci jiki na zagaya bayan rumbu da ludayi. Na ce ai na sha ganin yadda ake yi, in dai tukunya na nan ba abin da zai gagara.

Na tarar da ita a kife cikin rana, tana ƙyalli.

Matar wani ɗan'uwanmu ce daga ƙauye, ta zo zaman makoki, mace mai zafin nama, irin waɗanda ba su iya zama hannu sake a gidan rasuwa. Tun asuba ta bi tukwanen gida da toka da yashi. Ta hango ni tsaye ta taho tana murmushi. "Kin gani ko? Na ishe ta ta yi baƙin datti tana tsami, nic ce kada baƙi su gani su ce gidan malamai ƙazamai na. Sai da na kankare ta har gindi." Tana jiran godiya ne, baiwar Allah. Garin gyaran gira an rasa ido. Na so in yi ihu, amma ihun me zan yi? A ce uwar ɗiyar fari tana kururuwa a kan abincin ɗiyarta, gaban dangin miji? Na haɗiye, na ce mata, "Sannu da aiki."

Daga nan na shiga tashin hankalin da ban taɓa shiga ba. Na zuba ruwa da dusa a tukunyar, ta zauna shiru kamar kowace tukunya. Na dama kunu na surka, yarinya ta sha ya bi ta ya wuce. Aka kawo nonon saniya, cikinta ya ƙi. Kafin sadakar uku maɗigarta ta faɗa, idanunta suka shige ciki, kukan ma sai dai ka ga baki a buɗe ba murya. Ina ji mata suna raɗa a tsakar gida, "Ai Gwaggo ba ta barin ɗiyarta, tare za su tahi." Wata har da cewa a yi haƙuri, ga wani nan tafe a ciki. Kai! Da ina da iko da na kore su duka da muciya, da su da tabarminsu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na shiga ɗakin marigayiya da rana tsaka, na ɗauki ɗiyata na goya ta gaban kowa. Na ji an ja salati, na ji wata ta ce yaran yanzu ido ya buɗe. Oho dai. Na tattaro ƙoƙuna na jera a gindin rumbu yadda aka ba ni labari. Na aika aka roƙo mini ruwan jiƙon gero wurin mai kokon unguwa, mai nonon nan ta ba ni na ƙasan ƙwarya, na jiƙa daddawa, na samo fura kwananniya, na tace ruwan tsamin dusa. Ina sauke kunu daga wuta in rarraba, in ɗiga wa kowanne nasa, in soka kara, in zauna. Rana ta karkata, karare na tsaye ƙyam. Washegari na sake, haka. Na sake, haka. Sai in kai hannu baya in taɓa ƙafar yarinya in ji ko da sauran ɗumi. Na fara cewa a raina ko dai abin a hannun Gwaggo yake, ba a abincin ba, ta kuwa tafi da hannunta.

Ina cikin dama wani sabo da azahar, ludayi na hannuna zan zuba, sai na ji gyaran murya a bayan zana. Surukina ne. Tun da na shigo gidan nan ba mu taɓa haɗa magana ba, ko inuwarsa na hango sai in durƙusa in sunkuyar da kai. Shi ma bai yi magana da ni ba, da iska ya yi.

"A gaya ma mai ƙoƙunan ga ta dakata. Marigayiya ba ta taɓa zubawa kunu na hayaƙi ba. Takan tsoma ɗan yatsanta, in ba ta iya karance Fatiha da shi ciki ba, sai ta jira. In ta zuba kuma takan lulluɓe da tsohon zane kada shi huce. Wuta na kashe su, sanyi na sa su kwana."

Na daskare da ludayi a hannu. Ashe duk kwanakin nan, don gaggawa, 'yan halittun nan nake dafawa da ransu. Sauri ya haifi nawa.

Na zaci surukina ya tashi. Sai na ji ya ce, "Shekara da shekaru nike kallon tukunyag ga ina neman laihinta. Ban samu ba. Ban kuwa taɓa gaya mata ba." Na ji ya naɗe buzunsa.

Na bar kunun ya sha iska. Na tsoma yatsa, na fara Fatiha, zafi ya kore ni. Na jira, na sake, har na kai ƙarshenta yatsana na ciki. Na rarraba, na ɗiga, na soka karare, na yage tsohon zanena na lulluɓe gindin kowane ƙoƙo. Sannan na zauna a ƙasa da goyona, cikina ya tokare mini ƙirji, gumi na bin bayana. Jiran nan ba zan iya kwatanta shi ba. Numfashin yarinya a bayana ya koma sama-sama, in ya ɗauke sai nawa ya ɗauke. Na roƙi Allah da duk abin da na sani, har na rasa abin roƙo na koma cewa ya Allah, ya Allah kawai.

Ana kiran la'asar na ga karan ƙoƙon ruwan jiƙon gero ya ɗan karkata. Na ce idona ne. Na murza ido, ina kallo ya kwanta a hankali har ya jingina da bakin ƙoƙo. Na karkata ƙoƙon, kunu ya biyo. Na ɗanɗana. Bai kai na Gwaggo ba, amma ga ɗan zaƙin nan a ƙarshen harshe, ba wari, ba ɗaci.

Na sauke yarinya na ɗora a cinya, na ɗiga mata a gefen baki. Ya tsaya. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Na ƙara, ta haɗiye. Na jira amai, bai zo ba. Da na janye ludayin don in ɗebo wani, sai ta ɗago ɗan hannun nan nata da ya koma kamar tsinke ta riƙe shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da yarinya a kafaɗa, da ƙoƙo a hannu, na ratsa matan da ke zaune ina gudu da cikina, ina ƙwala kira, "Gwaggo! Gwaggo, ya saki! Ta sha!" Sai da na ɗaga asabarin ƙofarta na ga an share ɗakin, an naɗe tabarma an jingine a bango. Na tsaya nan da ƙoƙona. Ba wadda ta yi motsi a tsakar gida.

Allah shi jiƙan Gwaggo, shi yalwata mata kabari, shi haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta, shi shayar da ita kamar yadda ta shayar da na mutane. Duk wanda wannan ya isa gare shi ya yi mata Fatiha, ya kuma sa ɗiyata a ciki, don har yau ludayi-ludayi take sha, kullum kuma na buɗe faifai gabana faɗuwa yake, ba ni da wanda zan tambaya ko na yi daidai.